Shin ƙirƙirarriyar basira za ta rage darajar cibiyoyin nazarin manufofi?

Hauwa'u ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka daɗe a harkar bincike kan manufofin gwamnati. Na kammala digiri na biyu a fannin tattalin arziki, kuma burina in fara aiki a matsayin mataimakiyar mai bincike a ɗaya daga cikin cibiyoyin da ke nazarin manufofi suna ba hukumomi shawara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ayyukan da aka saba ɗora wa sabon shiga, wato tattaro abin da aka riga aka rubuta kan wani batu, da taƙaita dogayen rahotanni, da gyara alƙaluma, da rubuta daftarin farko, duk manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna yin su yanzu cikin 'yan mintuna. Tun da aka saki wannan manhaja a ƙarshen Nuwamban 2022 nake jin ra'ayoyi masu karo da juna. Wasu na cewa cibiyoyin za su ƙara ƙarfi, wasu kuma na cewa ma'aikatar da za ta iya tambayar na'ura kai tsaye ba ta da sauran buƙatar biyan wata cibiya ta rubuta mata rahoto. Me ya sauya a zahiri a cikin aikin, kuma a kan me ya kamata mai shigowa yanzu ya mayar da hankali? Na gode.

Malam Bashir ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Na jima ina duba aikin matasan masu bincike kafin ya fita, don haka zan tsaya a kan abin da nake gani a teburina.

Babu shakka rubutu ya yi araha. Ɗauki bitar nazarce-nazarcen baya, wadda ita ce ƙashin bayan kowane rahoto mai ma'ana. Ƙungiyar Cochrane, da aka kafa a 1993 domin harkar lafiya, da takwararta Campbell Collaboration, da ta biyo baya a 2000 domin ilimi da walwalar jama'a da yaƙi da laifuka, sun saba da ƙa'idar cewa mutum biyu, kowa a gefensa, za su karanta kanun dubban maƙalu da taƙaitattun bayanansu, su ware waɗanda suka shafi tambayar da ake yi, sannan su zauna su daidaita inda suka saɓa. Aiki ne da kan ci shekara guda ko fiye. Yanzu manhaja na iya jera maƙalun bisa kusancinsu da batun, ta ciro yawan mutanen da aka yi nazari a kansu da sakamakon kowace maƙala ta zuba a jadawali, mai bincike ya fara daga inda a da yake isa bayan watanni. Haka abin yake wajen mayar da hirar da aka naɗa zuwa rubutu, da rubuta umarnin kwamfuta na nazarin alƙaluma. Duk wanda ya raina wannan ci gaba bai taɓa kwana a kan irin wannan aiki ba.

Tantancewa kuwa tana nan da tsadarta, har ma ta ƙaru. Ƙaramin ma'aikacin da bai fahimci maƙala ba, rubutunsa kan tona masa asiri: jimlolinsa na rawa, yana ta kewaye-kewaye, mai dubawa ya gane inda zai sa ido. Manhaja kuwa da murya ɗaya take faɗin abin da ta samo da abin da ta ƙaga. Za ki ga madogara a ƙasan shafi, sunan marubucin na gaske ne kuma a wannan fannin yake aiki, mujallar tana nan, lambar kundin ta dace da shekarar da aka ambata, amma idan kika buɗe waɗannan shafukan sai ki tarar da wata maƙala dabam ta wasu mutane dabam. Dalili shi ne, asalin aikin waɗannan manhajoji hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, don haka madogarar da ta yi kama da ta gaske tana fito musu cikin sauƙi ko da babu ita a duniya.

Manya ma sun faɗa wannan ramin. A watan Mayun 2025 wani kwamitin gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto kan lafiyar yara, wanda aka fi sani da rahoton MAHA, sai kafar labarai ta NOTUS ta gano cewa wasu daga cikin nazarce-nazarcen da aka kafa hujja da su babu su sam, aka koma aka gyara rahoton. A Oktoban shekarar kuma kamfanin ba da shawara na Deloitte ya amince ya mayar wa gwamnatin Ostireliya wani ɓangare na kuɗin kwangilar dalar ƙasar 440,000, bayan da wani malamin Jami'ar Sydney ya nuna cewa rahoton da kamfanin ya rubuta wa ma'aikatar ƙwadago na ɗauke da madogarai na bogi, har da wata magana da aka jingina wa hukuncin kotu alhali ba ta cikinsa. A gyararren rahoton ne aka bayyana cewa an yi amfani da fasahar AI, wato ƙirƙirarriyar basira.

Madogarar bogi ma ita ce mai sauƙin kamawa, tunda ko dai maƙalar tana nan ko ba ta nan, kuma manhajojin da ke leƙa intanet kafin su ba da amsa sun rage yawan aukuwarta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne taƙaitawar da ta zubar da sharaɗi. A ce wani nazari ya gano cewa tallafin kuɗi ya rage barin makaranta daga kashi 10 cikin 100 zuwa kashi 8, a tsakanin 'yan matan karkara kawai, cikin shekara biyu na farko. Taƙaitawa na iya cewa tallafin ya rage barin makaranta da kashi 20 cikin 100. Lissafin bai yi ƙarya ba, amma an jefar da karkara da 'yan mata da shekara biyu, kuma ministan da ya karanta zai ɗauka an samo maganin matsalar ƙasa baki ɗaya. Ba a kama irin wannan sai an buɗe asalin jadawalin.

Abin da manyan cibiyoyin nazarin manufofi suka tara, wato Brookings tun 1916, da Chatham House tun 1920, da RAND tun 1948, shi ne amincewar mai karatu cewa an duba kafin a sa suna. Yanzu da kowa zai iya fitar da shafi 40 masu tsari a yini guda, wannan amincewar ce kaɗai abin sayarwar da ya rage wa cibiya, kuma rahoto ɗaya mai madogarar bogi ya isa ya zubar da ita.

Malama Zainab ta rubuta:

Malam Bashir ya yi bayanin ɓangaren rubutu, amma ni a fannin ƙididdiga nake, kuma a wajenmu sauyin ya girmi ChatGPT da shekaru. Yana da kyau a rarrabe tsakanin manhajar da ke rubuta jimloli da kuma dabarun koyar da na'ura ta gano tsari a cikin tarin bayanai, domin na biyun ne ya ba masu bincike damar auna abin da a da ba ya aunuwa.

A 2016 masu bincike na Jami'ar Stanford suka wallafa a mujallar Science yadda suka koyar da kwamfuta ta kalli hotunan tauraron ɗan'adam, ta lura da hanyoyi da gonaki da yanayin gine-gine, ta yi hasashen matsayin talauci a yankunan ƙasashen Afirka 5. Misalin da ya fi kusa da aiwatar da manufa shi ne na Togo. Lokacin annobar korona a 2020 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin Novissi na tura tallafi ta wayar salula, kuma da aka zo faɗaɗa shi zuwa karkara, tare da ƙungiyar GiveDirectly da masu bincike daga Jami'ar California da ke Berkeley, sai aka dogara da hotunan sama wajen zaɓo yankuna mafiya talauci, sannan aka dubi yadda mutum ke mu'amala da wayarsa, kamar yawan kira da tsawonsa da kuɗin da ke shiga da fita, domin hasashen wanda ya fi buƙata. Sakamakon da mujallar Nature ta wallafa a 2022 ya nuna cewa wannan hanya ta rage tsallake talakawan da suka cancanta da kashi 4 zuwa 21 cikin 100 idan aka kwatanta da zaɓe bisa yanki kawai. Sai dai nazarin ya kuma nuna cewa da a ce ƙasar na da cikakkiyar rijistar magidanta, da hanyoyin da suka dogara da rijistar sun fi na'urar dacewa. Wannan rabi na biyu ba kasafai ake ambatonsa a taruka ba. Ga kuma matsalar da take a fili, cewa wanda ba shi da waya ba ya cikin lissafin tun farko.

Abin da nake so Hauwa'u ta riƙe shi ne, da binciken gida-gida aka koyar da waɗannan na'urori. Sai da wani ya ɗauki takardar tambayoyi ya bi gidaje yana tambayar abin da aka kashe a mako, da irin ruwan da ake sha, da yawan yaran da ke makaranta, sannan kwamfuta ta samu abin da za ta gwada hotonta da shi. Shirin DHS, wanda tun 1984 yake tattara bayanan lafiya da yawan jama'a a ƙasashe fiye da 90 da kuɗin hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, ya tsaya a farkon 2025 sakamakon yanke tallafin Amurka. Idan irin waɗannan bayanai suka tsufa, na'ura za ta ci gaba da fitar da kyawawan taswirori, amma ba wanda zai iya cewa ga yadda suka yi nisa da gaskiya.

Akwai kuma masu gwada maye gurbin mutane da manhaja, wato a ce mata ta amsa tambayoyi a matsayin manomi ko ma'aikacin masana'anta mai shekara kaza, a tattara amsoshin a kira su ra'ayin jama'a. Wataƙila hakan ya yi amfani wajen gwada ko tambaya ta fito sarai kafin a fita fili. Amma a kafa manufa a kai, ban yarda ba, musamman game da al'ummomin da harshensu da rubutunsu ba su da yawa a intanet, tunda manhajar ba ta ji daga bakinsu ba balle ta kwaikwaye su.

Alhaji Garba ya rubuta:

Ku gafarce ni, ni ba mai bincike ba ne. Aikin gwamnati na yi har na yi ritaya, kuma a ɓangaren masu karɓar rahotanni na zauna, inda abin ya ɗan bambanta.

Tun kafin wannan fasaha, ƙarancin rahoto bai taɓa zama damuwar masu yanke shawara ba. A 2014 Bankin Duniya ya binciki kansa, ya gano cewa kashi 31 cikin 100 na rahotannin manufofin da ya ɗora a shafinsa ba wanda ya taɓa sauke su ko sau ɗaya, kuma kusan kashi 87 ba wanda ya taɓa kafa hujja da su. Idan wannan ne halin Bankin Duniya, sai a auna na ƙaramar cibiya. Yanzu da rubutu ya yi araha kamar yadda Malam Bashir ya faɗa, tarin takardun zai ƙaru, alhali sa'o'in babban sakatare suna nan yadda suke. Ƙarshenta mataimakinsa zai ɗora rahoto mai shafi 80 a manhaja ya ce ta fitar masa da sakin layi uku. Na'ura ta faɗaɗa, na'ura ta taƙaita, mai aikowa da mai karɓa kowa na zaton ɗayan ya karanta.

Wanda nake buƙata a lokacin da ake shirya takardar da za a kai majalisar zartarwa shi ne mai binciken da zan kira da dare in ce masa: shawararka ta uku, ma'aikatar kuɗi ta ce babu gurbinta a kasafin bana, ƙungiyar ƙwadago kuma na barazanar yajin aiki a kan ta huɗu, wacce za mu fara haƙura da ita? Amsar wannan tana buƙatar wanda ya san mutanen, ya san ƙudirin da aka taɓa gabatarwa ya mutu a kwamiti da kuma abin da ya kashe shi. Mafi yawan wannan sani ba a rubuce yake ba. A bayan ƙofa ake faɗinsa, sau da yawa ƙarƙashin ƙa'idar Chatham House ta 1927, wadda ta yarda a yi amfani da abin da aka ji amma kada a ambaci wanda ya faɗa. Af, ina tunatar da matasan masu bincike cewa wanda ya ɗora sautin irin wannan zama a manhajar da bai san inda take ajiye bayanai ba, ya kama hanyar karya alƙawarin da ya ɗauka.

Inda na fi hango haɗari shi ne jin ra'ayin jama'a. A 2017, lokacin da hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta nemi ra'ayi kan soke ƙa'idar da ta hana kamfanonin intanet fifita wasu shafuka a kan wasu, an aiko mata da saƙonni fiye da miliyan 22. Binciken ofishin babban lauyan jihar New York a 2021 ya gano cewa kusan miliyan 18 na bogi ne, kuma wani ɗalibi ɗan shekara 19 shi kaɗai ya aika miliyan 7.7. A wancan lokacin maimaita jimloli na cikin abin da ke fallasa na bogi, yau kuwa kowane saƙo zai iya zuwa da salonsa da labarinsa. A ɗaya gefen, gwamnatin Birtaniya ta samar da manhaja mai suna Consult domin ware jigogin amsoshin jama'a, kuma gwamnatin Scotland ta fara gwada ta a 2025, jami'ai na bin bayanta suna dubawa. Na ga amfaninta wajen rage wahala. Damuwata ita ce amsa guda ɗaya tak daga wata ma'aikaciyar jinya ko wani direba da ya hango lahanin da ba wanda ya hango, wadda ba ta shiga kowane jigo ba saboda ba ta da 'yar'uwa. Irin wannan amsar ce takan sa a sake sakin layi a daftarin doka.

Abdulƙadir ya rubuta:

Ranka ya daɗe Alhaji, na gamsu da bayaninku, amma akwai ɓangaren da ba wanda ya taɓo, wato kuɗi. Ban da amfani da fasahar, cibiyoyin nan su ne kuma ake tambaya yadda za a tsara mata doka. Tun daga taron ƙasashe kan haɗarin AI da aka yi a Bletchley Park na Birtaniya a Nuwamban 2023 zuwa dokar AI ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Agustan 2024, 'yan majalisa da jami'ai sun dogara sosai da ƙwararrun waje. To, wa ke biyan albashin waɗannan ƙwararru? Cibiyar CSET ta Jami'ar Georgetown, mai nazarin tsaro da sababbin fasahohi, da tallafin dala miliyan 55 daga gidauniyar Open Philanthropy ta fara aiki a 2019, kuma ba ta ɓoye hakan ba. Wasu cibiyoyin daga kamfanonin fasahar kansu suke karɓa. Ban ce an sayi kowa ba, amma mai ba da kuɗi ko bai taɓa sakamako ba yana da hannu a zaɓen tambayar da za a bincika. A 2017 cibiyar New America, wadda Google da Eric Schmidt, tsohon shugaban kamfanin, suka daɗe suna tallafa wa, ta rabu da mai bincikenta Barry Lynn da tawagarsa jim kaɗan bayan ya yaba wa tarar Yuro biliyan 2.42 da Tarayyar Turai ta ci Google. Cibiyar ta musanta cewa matsin lamba ne ya jawo hakan, amma zargin ya bi ta.

Yanzu kuma dogaron ya ƙaru, domin cibiyar da ke nazarin yadda za a taka wa kamfani birki da manhajar wannan kamfanin take karatu da rubutu. Idan cibiyoyi goma na tambayar manhaja ɗaya, kada a yi mamaki in shawarwarinsu suka fito kamar 'yan ciki ɗaya, gwamnati ta ɗauka masana ne suka yi ittifaƙi. Shawarata ga Hauwa'u, kafin ta karɓi aiki ta duba ko cibiyar na wallafa sunayen masu ba ta kuɗi, abin da ƙungiyar Transparify ta fara auna cibiyoyi a kansa a 2014, ta kuma tambaya ko suna da rubutacciyar ƙa'ida kan bayyana amfani da AI a rahotanninsu.

Hauwa'u ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Amma Malam Bashir, akwai abin da bai warware mini ba. Ku da kuke iya gane taƙaitawar da ta zubar da sharaɗi, kun samu wannan idon ne saboda kun shafe shekaru kuna taƙaitawa da hannunku. Idan manhaja ta karɓe wannan matakin, ta ina mu za mu koyi tantancewar da kuka ce ita ce ta rage? Tsorona shi ne a ce mu duba aikin da ba mu taɓa yin irinsa ba.

Malam Bashir ya rubuta:

Tambayarki tana kan hanya, ƙanwata. Cibiyar da ke fama da ƙarancin tallafi za ta ga sauƙi ta daina ɗaukar ƙananan ma'aikata ta bar manya uku da manhaja, amma ranar da manyan suka tafi za ta nemi magaji ta rasa. Abin da nake yi da waɗanda ke ƙarƙashina a watannin farko shi ne, sai mutum ya karanta maƙala ya rubuta taƙaitawarsa da kansa kafin ya nemi ta manhaja, sannan ya ajiye biyun gefe da gefe ya yi mini bayanin kowane wuri da suka saɓa da kuma wanda ya yi daidai. Wani lokaci manhajar ce ke da gaskiya, kuma wannan ma karatu ne. Haka nan duk adadin da zai shiga rahoto sai an rubuta a gefensa shafi da jadawalin da aka ciro shi, tare da sunan wanda ya buɗe ya gani da idonsa.

Idan kina son horon da ya fi kowanne, ki ɗauki wani sanannen nazari ki yi ƙoƙarin sake fitar da sakamakonsa daga asalin alƙaluman. A 2010 Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka wallafa nazarin da ya nuna cewa bunƙasar tattalin arziki na raguwa sosai idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, kuma 'yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. Wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya ɗauki maimaita lissafin a matsayin aikin aji, ya yi ta yi bai samu adadinsu ba. Da marubutan suka aiko masa da jadawalinsu na Excel a 2013, sai ya ga lissafin matsakaici ya tsallake ƙasashe 5, wato Ostireliya da Austriya da Beljiyam da Kanada da Denmak, ban da yadda aka auna nauyin kowace ƙasa, wanda shi da malamansa suka ƙalubalanta. Marubutan sun amsa kuskuren jadawalin, ko da yake sun tsaya a kan cewa yawan bashi na tafiya tare da raguwar bunƙasa.

Yau manhaja za ta taimaka miki ki yi irin wannan aiki cikin ƙanƙanin lokaci, tunda manyan mujallun tattalin arziki da dama suna wajabta wa marubuta su ajiye alƙalumansu da umarnin kwamfutarsu a fili. Ki fara da nazari ɗaya a fannin da kike son aiki, ki rubuta abin da ya fito da abin da ya ƙi fitowa a shafi biyu, ki haɗa shi da takardar neman aikinki.